Zinari Uku da Rabi

Bologna, 28 ga Yuni, 1968

Zuwa ga 'yar dangi Ersilia,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da 'ya'yanki da jikokinki a Rosario. Mu nan lafiya, sai dai ƙafar matata Nives da ke kumbura idan zafi ya tsananta.

Wasiƙarki ta ta'aziyya ta iso, na gode. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma cikin dangi ke kaɗai kika cika shafi huɗu a kanta. Ban yi mamaki ba, tunda shekara takwas kika yi a gidanmu, kina kirana Metino, kafin aure ya kai ki Ajantina.

Kin tambayi batun kabari. Na ba mai sassaƙa aikin dutsen, ya yi alkawarin kafa shi kafin biyu ga Nuwamba, ranar ziyarar matattu. Rubutun gajere ne: sunanta, Clelia Baldassarri, da shekarunta, sannan a ƙasa, “Ɗanta tilo, Ermete, ya kafa.”

Na kuma ga takardar da kika haɗo, inda kika tsara mana yawon hutun Agusta a Umbria, ƙasar haihuwar Mama. Spello da Gubbio na san su a littafi. Montefiale kuwa sai da na ɗauko babbar taswira kafin na same shi. Sau uku kika ja layi a ƙarƙashin sunan, kika ce lallai mu nemi mai gadin tsohon asibiti ya buɗe mana ɗakin ƙasa. Ba ki faɗi dalili ba. Shekara talatin da tara rabonki da ƙasar nan, saboda haka ina mamakin yadda ɗaki guda ya tsaya miki a rai. Duk da haka za mu je, domin Nives ta riga ta ce za mu je.

Naki,
Ermete Baldassarri

*

(Kati mai hoton Gubbio, 21 ga Agusta)

Mun je. Na gani. Ermete.

*

Bologna, 2 ga Satumba

Zuwa ga 'yar dangi Ersilia,

Ina fatan sanyin can bai taɓa lafiyarki ba. Mun dawo lafiya. Zan ba ki labarin ranar ashirin da ɗaya ga Agusta yadda ta gudana, ba tare da ƙari ba, sannan in yi miki tambaya.

Da safe muka shiga Spello. Lungunan suna nan yadda kika faɗa, tukwanen furanni a kowace matakala. Ina tsaye a bakin tsohuwar ƙofar gari ina karanta tarihinta, sai Nives ta fizge littafin.

“Farfesa, ga ƙofar nan a gabanka da ranta da lafiyarta, kai kana neman ta a shafi na casa'in.”

Wajen azahar muka hau Montefiale. Motar ta kasa tudun, muka ƙarasa da ƙafa. Mun sami mai gadin, wani dattijo mai suna Gaudenzio, yana cin burodi da albasa a inuwar bangon asibitin. Ya dube mu sama da ƙasa, bai tashi ba.

“Wa ya aiko ku? Ba mai zuwa nan sai wanda aka aiko ko wanda ke neman wani abu. Ku wanne ne?”

“Mu waɗanda aka wahalar ne, Baba,” in ji Nives. “Tudun nan naku ya gama da ƙafata. Ku ba ku san a gina gari a ƙasa ba ne?”

“Uwargida, a ƙasa sauro ne da 'yan birnin Perugia. Mu dai mun zaɓi tudu.”

Ya fara nuna mana wani akwatin katako mai juyawa da ke cikin bango. Ya tura shi da yatsa, ya yi ƙara.

“A nan uwar da ba ta da halin riƙo za ta sa jaririn, ta juya, ta ja ƙararrawa, ta ruga. Sistocin coci da ke ciki ba su ga fuskarta ba, ita ma ba ta ga tasu ba. Kowa ya huta, in ban da yaron.”

Daga nan ya sauka da mu ɗakin ƙasa. Akwai wani dogon teburi mai murfin gilashi, a ciki an jera abubuwa, kowanne da lamba da shekara: rabin tsabar kuɗi, rabin hoton waliyyi, ɗan kunne ɗaya, rabin maɓalli.

“Uwa takan raba abu biyu,” in ji shi. “Rabi a zanen jariri, rabi a hannunta. Ran da ta sami hali sai ta kawo nata, a haɗa, a ba ta ɗanta. Waɗannan da kuke gani su ne waɗanda ba a dawo musu ba.”

A layi na biyu, lamba arba'in da ɗaya, shekarar 1909, akwai rabin karta. Mai hoton tsabar zinari bakwai ce, an yanka ta da almakashi a karkace kamar haƙoran zarto. Na ƙirga: zinari uku da rabi.

Ersilia, kin san gidan da na tashi. Kin san mahaifiyata ba ta yarda a shigo da karta ba, ko a daren Kirsimeti da kowane gida ke yi. Kin kuma san littafin addu'arta mai baƙar fata, wanda ba ta barin kowa ya taɓa. Da ta rasu na buɗe shi, na tarar da rabin karta a ciki. Na ɗauka alamar shafi ce.

Nives ta taɓa hannuna. “Ermete, fuskarka ta koma kamar alli.”

“Zafi ne.”

“Wane zafi? Ɗakin nan ya fi rijiya sanyi.”

Na roƙi Gaudenzio ya ɗaga gilashin. Ya ƙi, sannan ya yarda, da sharaɗin ba zan cire allurar da ta riƙe kartar ba. Na yagi farar takarda daga bayan littafina, na bi gefen yankan da fensir. Na tambayi rajistar da ke ɗauke da sunayen.

“Tana wajen Fada, limamin cocinmu, shi kuma yana bakin teku yana jiƙa ƙafafunsa har Oktoba. Ashe dai kai mai nema ne, ranka ya daɗe. Tun daga takalminka na gane.”

Da la'asar muka isa Gubbio. Ba zan iya gaya miki abin da na gani a can ba. Na dai tuna mun tsaya a wata maɓuɓɓugar ruwa da ake cewa wanda ya zagaya ta sau uku ya cancanci takardar shaidar hauka. Nives ta ce in zagaya, wai ita kaɗai ce babu a bangon ɗakin karatuna. Daga baya ta gaya mini na zagaya sau biyar, hannu a baya, har masu shan gahawa suka tafa mini. Ban san na yi ba.

Da muka dawo gida, na ɗora takardar a gefen rabin da ke cikin littafin. Ba haƙorin da ya saɓa.

Yanzu ga tambayar. Ba tsautsayi ne ya kai ni ɗakin nan ba. Ke kika tura ni, da layi uku. Me kika sani, tun yaushe, kuma daga bakin wa? Ina roƙon amsar ta zo a fili.

Ermete Baldassarri

*

Rosario, 4 ga Satumba

Metino,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da gwiwa.

Katinka ya iso jiya. Kalma biyar! Na ƙirga su da yatsu, ɗaya ma sunanka ne. Wata biyu ina tsaron ƙofa, har mai kawo wasiƙa ya fara tsammanin sonsa nake, abin da na samu ke nan.

Ba komai, na gane. Ka gani, ka rufe ƙofa. Ɗan Goggo Clelia ne kai, ba ka bar komai nata ba. Ita ma haka take, ta dubi mutum sau ɗaya, shi ke nan an gama magana. Ni ce dai wawiya da na zaci yaron da na wanke wa kunne shekara takwas zai rubuto mini ko da shafi ɗaya.

Ba zan sake damunka ba, Farfesa. Abu guda kawai nake roƙo. Zinari nawa ne a jikinta? In kalma tana maka tsada, rubuto lamba.

Ersilia

*

Bologna, 23 ga Satumba

Zuwa ga Ersilia,

Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu lafiya.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Tawa ta biyu ga wata tana da shafi shida. Game da katin kuwa, kin manta ƙa'idar gidan waya ta nan: katin da bai wuce kalma biyar ba kan sarkinsa ya fi araha, kuma irinsa Nives ta saya. Ko ba don haka ba, ba na rubuta zancen gida a katin da kowane ma'aikaci zai juya ya karanta tun daga Gubbio har Rosario.

Amma wasiƙarki ta ƙara mini damuwa. Kin rubuta ta kafin ki karanta tawa, duk da haka kin tambayi nawa ne a jikinta. Ashe kin san abin da ke ƙarƙashin gilashin. Kin san shi tun ranar da kika zauna kina tsara mana yawo, kina yabon furannin Spello.

Ba zan ɓoye miki abin da ya zo mini a rai ba. Kin zauna a gidanmu, kin share ɗakin Mama, kina iya ganin littafin. Na tambayi kaina ko akwai wanda kike wasiƙa da shi a Montefiale, ko kuma wani hannu ne ya sa kartar nan a wurin kwanan nan. Na tuna allurar ta yi tsatsa har ta ɓata takardar, wanda ba aikin shekara ɗaya ko goma ba ne, sai na ajiye wannan zato. Sauran ban ajiye ba.

A 1909 mahaifiyata tana da shekara goma sha tara, saura huɗu ta auri mahaifina. Na san shekarar haihuwarki. Ban rubuta abin da lissafin ke nunawa ba, domin a shekara guda ana haihuwar dubbai, kuma ni ba na koya wa ɗalibaina su yanke hukunci da rabin hujja.

Abin da na kasa fahimta shi ne lokacin. Kusan shekara arba'in kuna musayar gaisuwar Ista da ita. Me ya sa kika jira sai da ta kwanta inda ba za ta iya kare kanta ba? Me kuma kike so a yi?

Nives ta karanta wannan ta ce wasiƙar ɗan sanda ce, in yaga ta. Ban yaga ba. Mai sassaƙa ya fara rubutun dutsen, ban kuma dakatar da shi ba.

Ermete Baldassarri

*

Rosario, 8 ga Oktoba

Metino,

Duka biyun sun iso rana ɗaya. Na fara karanta mai shafi shida, na zauna a ƙasan kicin ina kuka har 'yata ta zaci wani ya mutu. Sannan na karanta ta ɗan sandan, na tashi na share hawayena. Ka gaishe mini da Nives, Allah ya ba ta ladan zama da kai.

Uku da rabi. To, na ji.

Ka ce in faɗa a fili. A ƙauyen da ke ƙasan Montefiale na tashi, a hannun wata matar manomi, Zelinda, wadda asibitin ya ba ta ni ta shayar. Ita ta gaya mini da rabin karta aka tsince ni, mai zinari. Ina da shekara goma sha biyu wata mata mai safar hannu ta zo, mahaifiyarka ke nan, ta ce ita dangi ce, za ta tafi da ni birni. Dangi ta ina? Ka taɓa jin an faɗa? Kai da ka san jikokin sarakunan Roma, ka taɓa tambayar ta wane gefe na zama 'yar danginku?

Wata rana ina goge ɗakinta littafin ya faɗi, abin ya fito. Ina riƙe da shi ta shigo. Na jira mari. Ta karɓa, ta mayar, ta rufe littafin. Sai ta ce, “Zauna, kanki ya yi kama da sheƙar tsuntsu.” Ta taje mini kai, a hankali, ta daɗe tana yi. Ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma sake ba. Iyakar abin da na sani ke nan, Farfesa. Ba takarda, ba shaida, tsefe kawai.

Bara wata 'yar wajen Montefiale ta tare a layinmu, ita ta ba ni labarin teburin gilashin. Ba ni da ƙafar hawa jirgi. Kai ne idona.

Me ya sa ban gaya maka ba? Don na san ka. Da na faɗa, da ka ce ni na sa maka abin a ido. Ga shi ban faɗa ba ma har allura ka tuhuma.

Me ya sa na jira? Tana da rai, asirinta ne. Ta biya shi da tsadar da ni da kai ba mu sani ba. Yanzu kuwa rabi nata ne, rabi nawa.

Me nake so? Ba kujera, ba cokali. Kafa dutsenka yadda ka ga dama. Shekara hamsin da tara ina cika takardu, wajen sunan uwa ina jan layi. So nake kafin in mutu a sami mutum ɗaya mai rai da ya san ba daga bango na fito ba.

Ersilia

*

Bologna, 3 ga Nuwamba

Yaya Ersilia,

Na daɗe ina duban kalmar farko ta wannan wasiƙa kafin in ci gaba. Shekara arba'in da bakwai ta makara. Ina fatan kina lafiya.

Ranar sha tara ga Oktoba, kwana biyu bayan isowar wasiƙarki, na koma Montefiale ni kaɗai, da littafin Mama a aljihu. Ba zan yi miki ƙarya ba: ban tafi don na gaskata ba, na tafi ne don in bincika. Gaudenzio ya hango ni tun daga ƙasan tudu.

“Ga mai takalmin nan ya dawo! Ina Uwargida? Ko ta bar ka ta auri ɗan Perugia?”

Fada ya buɗe rajistar. Lamba arba'in da ɗaya: mace, sha ɗaya ga Maris, 1909, an sa mata suna Ersilia, an ba Zelinda matar manomi. Wannan kin san shi. Ga abin da ba ki sani ba. A gefen shafin akwai ƙananan rubutu, da tawada daban-daban, hannun sistoci daban-daban. Na farko ya ce: “Maris 1910, wata mata ta zo ta tambaya ko tana raye. Ba ta faɗi suna ba.” Na biyu, Maris 1911, haka nan. Na ƙirga goma sha biyu, ba shekarar da ta tsallake, har da shekarun yaƙi, har da 1915, lokacin da cikina ya tsufa a jikinta. Na ƙarshe shi ne Maris 1921. Daga nan ba ta ƙara buƙatar tambaya ba. Kina ɗakin da ke kusa da kicin ɗinmu.

Na tuna kowace shekara kafin Ista takan tafi Umbria kwana biyu, wai ziyarar kabarin iyayenta. Ban taɓa tambaya ba. Ni da na tuhumi allura.

Na fito da rabin da ke hannuna na ajiye a kan teburin. Fada ya ce shi bai san abin da doka ta tanada ba, tun ba a haife shi ba aka toshe akwatin bango. Gaudenzio ya ture shi gefe.

“Doka ɗaya ce, Fada. An kawo rabi, a ba da na ciki.” Ya cire allurar da hannunsa. “Shekara talatin ina share gilashin nan, yau ne karon farko da wani ya dawo.”

Mai sassaƙa ya riga ya gama rubutun. Da na faɗa masa abin da nake so, ya ajiye gudumarsa.

“Farfesa, dutse ba allon makarantarku ba ne da za a goge da tsumma. Ɗa tilo ka ce mini a watan Yuni. Haihuwa ta yi a kabarin?”

Na ce masa kuskuren nawa ne. Kwana huɗu ya yi yana kankare fuskar dutsen. Ya rage kauri da faɗin yatsa, amma ya tsaya. Jiya muka kai furanni ni da Nives. Dangin mahaifina sun zo, sun karanta, sun dube ni. Na bar su suka karanta sau biyu. Rubutun ya ce: “'Ya'yanta, Ersilia da Ermete, suka kafa.” Naki ne a gaba, domin haka lissafin yake.

Wasiƙar ashirin da uku ga Satumba ba zan iya kankare ta ba. Ina neman gafararki.

Ki buɗe ƙaramar ambulan da ke ciki a hankali, rabi biyun na kartar ne, takardar ta tsufa. Kin tambaye ni nawa ne a jikinta, kika ce in rubuto lamba.

Bakwai.

Ƙaninki,
Metino